Dokar da ke sake yanka mazaɓun majalisun jihohi a Amurka

Wanda ya bi tarihin wata mazaɓar majalisar dokokin jiha a Amurka zai ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. A yawancin jihohi da lamba ake kiran mazaɓa, ta 12 ko ta 40, amma garuruwan da ke cikinta a 1960 ba lallai su ne ke ciki yau ba. Sai ka ga mazaɓa ta yi shekara da shekaru a hannun jam'iyya ɗaya, rana tsaka ta koma hannun abokiyar hamayya, alhali mutanen wurin ba su canja ra'ayi ba. Iyakar mazaɓar aka matsar, kuma doka ce ta ce a matsar.

Ana ƙidayar jama'a a Amurka duk shekara goma tun daga 1790. Bayan kowace ƙidaya, dole jiha ta sake yanka mazaɓun majalisarta yadda yawan mutanen kowace zai yi kusan daidai da na sauran. A yawancin jihohi 'yan majalisar ne da kansu ke zana taswirar, gwamna ya sa hannu.

Wannan tilas ɗin ba daɗaɗɗe ba ne. Jihar Tenesi ta yanka mazaɓunta a 1901, ta yi shekara sittin ba ta sake taɓa su ba, duk da tsarin mulkinta ya ce a sake duk shekara goma. Mutane suka yi ta kwarara birane, kujeru suka tsaya a karkara. A Alabama, gundumar Jefferson, inda birnin Birmingham yake, tana da mutum sama da 600,000 amma sanata ɗaya gare ta a babban zauren majalisar jihar mai zaure biyu, daidai da gundumar Lowndes mai mutum 15,000 da 'yan kai. A Kalifoniya kuwa gundumar Los Angeles mai mutum miliyan shida ita ma sanata ɗaya ke wakiltarta. Wa zai gyara? Waɗanda ke cin moriyar tsohuwar taswira su ne ke da ikon canja ta, kuma ba wanda ke sare reshen da yake zaune a kai.

Kotuna sun daɗe suna cewa wannan rigimar 'yan siyasa ce, ba ruwansu. A 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta sauya magana a shari'ar Baker da Carr, wadda ta taso daga Tenesi, ta ce kotunan tarayya na iya sauraren irin wannan ƙara. Bayan shekara biyu, a shari'ar Reynolds da Sims daga Alabama, alƙalai takwas cikin tara suka yanke cewa dole a raba kujerun zaurukan majalisar jiha duka biyu bisa yawan jama'a. Babban alƙali Earl Warren ya rubuta cewa mutane 'yan majalisa ke wakilta, ba itatuwa ko filaye ba. Hujjar kotun ita ce gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya ce doka ta kare kowa daidai. Ƙa'idar da aka fi sani da "mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya" ke nan. Sanata Everett Dirksen na majalisar tarayya ya nemi a gyara tsarin mulki don a rushe hukuncin, bai samu rinjayen da ake buƙata ba. Shi ya sa tarihin mazaɓu da yawa ke farawa sabo a tsakiyar shekarun 1960.

"Daidai" a nan ba yana nufin ƙwaya da ƙwaya ba. Idan tazarar da ke tsakanin mazaɓa mafi yawan jama'a da mafi ƙaranci ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, kotu kan ɗauka taswirar ta halatta, sai in an kawo hujjar akasin haka. Kuma a 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa jiha na iya ƙirga kowa, har yara da waɗanda ba su da ikon zaɓe. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta ƙara wani sharaɗi: ba a yanka taswirar da za ta raunana ƙuri'ar baƙaƙen fata ko wasu tsiraru.

Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar ta daidaita yawan mutane amma ba ta ce komai sosai kan siffar mazaɓa ba. Dabarar yanka mazaɓa don fifita jam'iyya tsohuwa ce. A 1812 gwamnan Masachusets, Elbridge Gerry, ya sa hannu kan taswirar da wata mazaɓar sanata a cikinta ta lanƙwashe kamar ƙadangare, daga sunansa aka samo kalmar gerimanda. Hanya biyu ake bi. Ko a cusa magoya bayan abokan hamayya cikin mazaɓu kaɗan su ci da rata mai yawa wadda ba ta ƙara musu kujera, ko a warwatsa su cikin mazaɓu da yawa yadda ba za su yi rinjaye ko'ina ba. A Wiskonsin a zaɓen 2018, 'yan Rifablikan sun ci kujeru 63 cikin 99 na ƙaramin zaure, alhali jimillar ƙuri'un 'yan Dimokuraɗ ta fi tasu. 'Yan Dimokuraɗ ma suna yin irin haka a jihohin da ke hannunsu.

A 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rigimar taswirar da aka yanka don fifita jam'iyya. A ganina wannan hukunci ya bar mai zaɓe cikin rana, domin ya mai da maganar hannun kowace jiha, kuma ba kowace jiha ce ke da niyyar gyara ba. Wasu dai sun motsa. Masu zaɓe a Arizona a 2000, Kalifoniya a 2008 da Mishigan a 2018 sun ƙwace aikin daga 'yan majalisa suka ba hukumomi masu zaman kansu. A Wiskonsin kotun ƙolin jihar ce ta soke taswirar a Disambar 2023, saboda wasu mazaɓu sun kasu guntu-guntu ba a haɗe ba, aka yi zaɓen 2024 da sabuwa. Ƙidaya ta gaba sai 2030, sannan a sake yanka mazaɓun gaba ɗaya.