Ɗaurin da ke cinye ƙafar yaranmu

Duk lokacin mangwaro gabana faɗuwa yake. Yaro ya faɗo daga bishiya, ko babur ya kwashe shi, ƙwauri ya karye. Sai a wuce da shi wurin mai ɗori, a jera kara, a naɗe da tsumma, a ɗaure tamau. Bayan kwana huɗu ko biyar a ɗauko mana shi nan asibiti: yatsu sun yi baƙi, fata ta yi bororo, ƙafa tana wari.

Ƙwauri ƙashi biyu ne, babba a gaba, siriri a gefe, jijiyoyin jini kuma sun ratsa ta cikin naman sharaɓa har yatsu. Karaya dole ta kumbura. To in an ɗaure tamau, kumburin ina zai je? Sai ya matse jijiyoyin, jini ya tsaya. Naman da jini ya daina kai masa, cikin awa 6 ya fara mutuwa, kuma ba ya dawowa.

Haba iyaye! Yaro ya kwana yana ihu, yana cewa ƙafarsa wuta take ci, ku ce masa "yi haƙuri, ɗori ne yake kamawa." Wallahi wannan kukan na ƙafar da jini ya yanke mata ne. Sannan a ce kada a kwance sai an yi mako, ku kuma ku zauna kuna ƙirga kwanaki.

Na san abin da kuke tsoro. Ana cewa asibiti yanke ƙafa suke. Baba, mama, ba likitan da yake son yanke ƙafar yaro. Yawancin karayar yara hoto ne da siminti, ƙashinsu saurin haɗewa gare shi. Wadda ake yankewa ita ce wadda ta riga ta ruɓe a gida, don kada gubar ta shiga jini.

In ma an riga an ɗaure, ku duba yatsu kowane lokaci. Sun yi sanyi? Sun canza launi? Ba ya jin taɓi, ko ba ya iya motsa su? Zafi na ƙaruwa? Ku sassauta ɗaurin nan take, ku taho, ko da tsakar dare ne. In ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a barbaɗa komai.

Kuɗin mota ba zai kai kuɗin ƙafar roba ba. Abin da ya fi ƙarfinmu a nan, za mu rubuta muku takarda zuwa babban asibiti, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.