Shan taba lokacin goyon ciki

Shan taba lokacin goyon ciki na daga cikin manyan abubuwan da ke cutar da uwa da ɗan tayi waɗanda ake iya kauce musu. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, amma biyu ne suka fi yin ɓarna ga ciki: nikotin da iskar kabon monoksaid.

Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa. Iskar oksijin da abinci duk ta mabiyiya da igiyar cibiya suke isa gare shi daga jinin uwa. Nikotin yana matse jijiyoyin jini, sai jinin da ke zuwa mahaifa ya ragu, sannan nikotin ɗin kansa yana ƙetare mabiyiya ya shiga jikin yaron. Ita kuwa kabon monoksaid tana manne wa sinadarin himogulobin da ke jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta tare wurin da oksijin zai zauna. Ga jinin ya ragu, ga wanda ya iso ɗin ma bai ɗauko iska isasshiya ba. Daga nan yawancin illolin suke tasowa.

Wadda aka fi tabbatarwa ita ce ƙarancin nauyi. Jariran masu shan taba sukan gaza sauran jarirai da kimanin giram 200, kuma sun fi yawan faɗawa ƙasa da kilo 2.5, wato ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira ƙarancin nauyin haihuwa. Akwai masu ganin ƙaramin jariri zai sauƙaƙa naƙuda. Wannan kuskure ne, domin yaron da ya tsumbure a ciki shi ya fi galabaita a wurin haihuwa, shi ne kuma ya fi saurin kamuwa da cuta bayanta. Tun a 1957 wani bincike da aka wallafa a Amurka ya nuna masu shan sigari sun fi haihuwar bakwaini, kuma daga 1985 aka fara buga gargaɗi game da ciki a jikin kwalin sigari a ƙasar.

A ɓangaren uwa, taba tana ƙara haɗarin ɓari, da zaman ciki a wajen mahaifa, da fashewar faya kafin lokaci. Mabiyiya kan iya ɓallewa daga jikin mahaifa tun yaro bai fito ba, ko ta sauko ta tare bakin mahaifa. Duka biyun suna kawo zubar jini mai iya cin rai. Ga jariri kuwa, akwai mutuwa a ciki, da tsagewar leɓe ko ganɗa, da raunin huhu mai jawo asma, da mutuwar farat ɗaya cikin barci a watannin farko.

Wani abin mamaki shi ne, masu shan taba ba su cika samun hawan jinin ciki mai kaiwa ga jijjiga kamar sauran mata ba. Babu likitan da ke ɗaukar wannan a matsayin riba, don ɓarnar ta rinjaye shi nesa ba kusa ba.

Ba sai mace ta sha da bakinta ba. Hayaƙin miji ko na wani a ɗaki ɗaya yana rage nauyin jariri, shi ya sa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ta buƙaci ma'aikatan awon ciki su riƙa tambayar kowace mai juna biyu ko tana shan taba, da kuma ko ana sha a kusa da ita. Shisha da tabar da ake taunawa ko shaƙa duk suna da nikotin, haka ma yawancin sigarin lantarki.

Dainawa tana da amfani a kowane wata, amma ta farko-farko ta fi. Matar da ta bari kafin mako na 15, haɗarin haihuwar bakwaini ko ƙaramin jariri yakan dawo kusan daidai da na wadda ba ta sha. Rage yawan kara bai kai bari gaba ɗaya ba. Ana farawa da shawarwari da tallafin iyali, in abin ya gagara likita na iya ba da cingam ko filastar nikotin a ƙarƙashin kulawarsa.