Haɗin Gwiwar Gwamnati Da 'Yan Kasuwa A Asibitoci: Tambayoyi Da Amsoshi

Shin wannan haɗin gwiwa sayar da asibitin gwamnati ne?

A'a. Fili da gini suna nan a hannun gwamnati. Kamfani ake ba wa damar ya gina, ko ya gyara, ko ya tafiyar da asibitin na wasu shekaru, wa'adi na cika ya mayar. Haka aka yi da Asibitin Garki na Abuja a 2007, da aka miƙa wa asibitin kuɗi na Nisa Premier na shekara 15. A matakin tarayya, hukumar ICRC, wadda dokar 2005 ta kafa, ita ke sa ido kan irin waɗannan yarjejeniyoyi.

Ta ina kamfanin yake mayar da kuɗinsa?

Ko dai daga aljihun majinyaci, ko daga baitulmali. A hanyar farko, kowane gwaji da kowace tiyata suna da farashi, kamfani ya ɗauki kasonsa, asibiti ya ɗauki nasa. A ta biyu, gwamnati ce ke biyan ƙayyadadden kuɗi duk shekara, majinyaci ya biya kaɗan. Ta farkon tana korar marar hali daga ƙofa, ta biyun kuwa tana iya danne kasafin lafiya in ba a yi lissafi da kyau ba.

An taɓa ganin hakan ta faru?

An gani a Lesoto. A 2008 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 18 da gamayyar Tsepong, ƙarƙashin kamfanin Netcare na Afirka ta Kudu, aka gina Asibitin Queen Mamohato mai gado 425 a Maseru, aka buɗe shi a 2011. Kulawa ta inganta sosai idan aka kwatanta da tsohon asibitin. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin adadi: kuɗin shekara ya ƙunshi majinyata 20,000 da za a kwantar da 310,000 masu zuwa su koma gida, duk wanda ya haura haka sai gwamnati ta biya daban. To ƙananan asibitocin karkara ba su da ƙarfi, jama'a suka yi ta tsallake su suna nufar Maseru, har da masu ciwon da za a iya magancewa a gida. Ga kuma kuɗin shekarar yana hawa da hauhawar farashi. A 2014 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta ce asibitin na cin fiye da rabin kasafin lafiyar ƙasar, Bankin Duniya ya musanta alƙaluman. A 2021 gwamnati ta soke yarjejeniyar. A ganinmu, babban kuskuren shi ne gina katafaren asibiti ba tare da gyara na ƙasa da shi ba.

Me ya sa a Najeriya aka fi yin sa kan na'urori?

Saboda sayen na'ura ba shi ne wahala ba, riƙonta ne. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana buƙatar wuta ba yankewa don sanyaya maganaɗisunta. Ta CT, ita ma mai ɗaukar hoto, tana da bututun da ke ƙarewa, sai an sayi sabo da dala. Injin wankin ƙoda kuma ba ya aiki sai da tataccen ruwa. Kasafin gwamnati yakan saya, amma kuɗin gyara ba ya fita a kan lokaci. Shi ya sa asusun zuba jari na NSIA, wanda na gwamnati ne amma da tsarin kasuwanci yake aiki, ya buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a 2019, da cibiyar gwaje-gwaje a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Me ya kamata a rubuta a yarjejeniyar?

Wa ke da ikon ƙara farashi, kuma sau nawa. Kwana nawa na'ura za ta yi a lalace kafin a ci tarar kamfani. Wa zai ɗauki asarar faɗuwar naira. Makomar ma'aikatan da aka tarar. Sai yanayin da za a mayar da kayan, domin in ba a rubuta ba, gwamnati na iya karɓar injinan da suka gama mutuwa.

To marar hali fa?

Dole a faɗi wanda zai biya masa tun kafin a sa hannu: ko a ware masa kason gadaje, ko a tilasta wa cibiyar karɓar katin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da na hukumomin jihohi irin su KSCHMA ta Kano, a kuma sa wa'adin da za a riƙa biyan kamfanin kuɗin waɗannan majinyata.