Kare Iyali daga Batsar Intanet a Saudiyya

Kare iyali daga batsar intanet a Saudiyya ya ƙunshi matakan da hukuma, malamai, likitoci da iyaye suka ɗauka tun shigowar intanet ƙasar, domin hana yaɗuwar hotuna da bidiyon batsa, da kuma kare yara da mata daga masu yaudararsu ko yi musu barazana da hotunansu. A Turai da Amurka ƙungiyoyin iyaye masu zaman kansu kan ja gaba a irin wannan fafutuka. A Saudiyya kuwa yawancin aikin a hannun gwamnati yake. Lamarin ya shafi Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda, waɗanda wasunsu 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, wasu masu iƙama (takardar izinin zama), wasu kuma ba su da takardun zama.

Toshe shafuka

Saudiyya ba ta buɗe wa jama'a intanet ba sai farkon 1999, bayan ta gama shirya hanyar tace shi. A 1997 majalisar ministoci ta ɗora wa Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad alhakin shigo da intanet. Cibiyar ta tsara yadda duk abin da zai shigo daga waje sai ya bi ta na'urorinta, ta kuma yi amfani da manhajar tacewa mai suna SmartFilter ta wani kamfanin Amurka. Wanda ya nemi shafin da aka toshe, sai wata sanarwa ta fito masa da Larabci da Turanci cewa ba a yarda a shiga ba, a ƙarƙashinta akwai hanyar cike fom: mai ganin an toshe shafin a kan kuskure ya nemi a buɗe, wanda kuma ya san wani shafin da ya kamata a rufe ya aiko da adireshinsa. Ta wannan hanya ta biyu ce iyaye da sauran jama'a suka shiga aikin da kansu, suna aiko da shafukan da suka ci karo da su.

A 2002 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Jonathan Zittrain da Benjamin Edelman, sun gwada tsarin, suka gano cewa bayan shafukan batsa yana rufe wasu na addini, na lafiya da na nishaɗi. A wajajen 2006 aikin tacewa ya koma hannun Hukumar Sadarwa da Fasahar Bayanai.

Wayar kyamara

Wannan katangar tacewa ta yi tasiri a zamanin da intanet ke shiga gida ta kwamfuta ɗaya ko ta shagon intanet. Wayar hannu mai kyamara ce ta fara zagaye ta, domin hoton da aka ɗauka a cikin gida aka tura ta bulutus daga waya zuwa waya bai biyo ta na'urorin Riyad ba. An hana sayar da irin waɗannan wayoyi a farkon shekarun 2000, amma suka ci gaba da shigowa ta bayan fage daga ƙasashen maƙwabta, har aka ɗage haramcin a ƙarshen 2004.

A wannan lokaci ne wata al'ada ta kafu a ɗakunan biki. A ƙofar ɓangaren mata akan ajiye mata masu bincike, su duba jaka, su karɓi wayar kowace baƙuwa ko su rufe idon kyamarar kafin ta shiga, domin a ciki mata kan cire abaya su yi kwalliya. Hoton amarya ko na ƙawarta da ya fita waje ya isa ya kashe aure. Iyalai ne suka ƙirƙiro wannan tsaro da kansu, tun kafin a yi dokar da ta hukunta mai ɗaukar hoton.

Dokoki

Babbar dokar da ake dogaro da ita ita ce ta yaƙi da laifukan intanet, wadda ta fito a watan Maris 2007 (1428 Hijira). Sashe na 3 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba da tarar da ba ta wuce riyal 500,000 ba, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin wani da wayar kyamara, ko ya kutsa cikin na'urarsa don ya yi masa barazana. Sashe na 6 ya kai hukuncin zuwa shekara biyar da riyal miliyan 3 ga mai haɗawa, aikawa ko ajiye abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya, har da kayan batsa. Sashe na 8 ya ce idan laifin ya haɗa da yaudarar ƙananan yara, hukuncin ba zai gaza rabin mafi tsananinsa ba.

Wasu dokokin sun biyo baya: ta hana fataucin mutane a 2009, mai ɗaurin da ya kai shekara 15, ta kariya daga cutarwa a 2013, ta kare yara a 2014, wadda ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, sai ta hana tsangwama ta lalata a 2018, wadda ta haɗa da abin da aka aikata ta waya, ta kuma ɗaga hukunci zuwa shekara biyar da riyal 300,000 idan wanda aka ci zarafinsa yaro ne. A 2010 ƙasar ta shiga ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sayar da yara da sa su cikin karuwanci da batsa.

Likitoci da layukan kai ƙara

Likitocin yara ne suka fara fito da maganar cin zarafin yara fili, a lokacin da ake ganinta sirrin cikin gida. A watan Nuwamba 2005 aka kafa Shirin Tsaron Iyali na Ƙasa ƙarƙashin sashen lafiya na dakarun tsaron ƙasa, kuma Dokta Maha al-Munif ta daɗe tana shugabantarsa. Shirin ne ya buɗe layin taimakon yara, 116111, a wajajen 2010. Akwai kuma 1919 na rikicin cikin gida, da manhajar Kulluna Amn ta 'yan sanda da ta fito a 2016.

Barazana da hotuna

Laifin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne ibtizaz, wato yi wa mutum barazana da hotonsa don a tilasta masa. Mutum zai shaƙu da yarinya ko yaro ta Snapchat, WhatsApp ko wasannin waya, wani lokaci da alkawarin aure, har ya samu hoto ɗaya. Daga nan sai murya ta canza: ko a turo kuɗi, ko a ƙaro hotuna, ko a zo inda yake, in ba haka ba hoton ya isa wurin mahaifi da 'yan uwa. Makaminsa kunyar wadda ya yaudara ne da tsoron abin da gida za su yi mata. Hai'a, takwarar Hisba a can, ta yi suna wajen karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe tare da rufa wa yarinya asiri, kafin a ƙwace mata ikon kame a watan Afrilu 2016. Yanzu kamun na 'yan sanda ne, tuhuma kuma ta ofishin mai gabatar da ƙara.

Tsakanin Hausawan Hijaz

A unguwannin da Hausawa suka daɗe a cikinsu, kamar Misfala, Jarwal da Shara Mansur a Makka, ko Karantina a Jidda kafin rusau na 'yan shekarun nan, tarbiyya ta dogara da uwa da dangi, da halƙar haddar Alƙur'ani a masallaci. Giɓin da ke akwai na harshe ne: yaran da aka haifa a can Larabci suke hira da shi a waya, kaka ko uwar da ta zo da girmanta kuwa ba lallai ta iya karanta abin da ke allon ba.

Ga iyalin da suke 'yan ƙasa ko masu iƙama, ƙofar hukuma a buɗe take. Wanda ba shi da takarda shi ne ke cikin tsaka mai wuya, domin zuwa wurin 'yan sanda na iya ƙarewa da tarhil, wato a tsare shi a cibiyar Shumaisi a kore shi daga ƙasar, kuma mai barazanar ya san haka sarai. Shi ya sa akan kai maganar gaban dattijon unguwa ko malami a sasanta. Sulhu irin wannan yana rufe bakin mutane, amma sau da yawa yakan bar azzalumin da wayarsa a hannu, yarinyar kuma ita ke shan faɗa da duka, alhali ita aka zalunta.

Saɓani

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na sukar sashe na 6 na dokar laifukan intanet da cewa lafazinsa ya yi faɗi, har ana amfani da shi wajen ɗaure masu sukar gwamnati. Masu goyon bayansa na ganin shi ne garkuwar tarbiyya. Matasa da yawa kuma na tsallake toshewar da manhajar VPN, wadda ke ɓoye shafin da mutum ke shiga.

Shekarun baya-bayan nan

A watan Fabrairu 2020 aka sanar da shirin kare yara a intanet a wani taron tsaron intanet na duniya a Riyad. A 2022 hukumomin ƙasar sun nemi YouTube ya cire tallace-tallacen da suka saɓa wa tarbiyya, a watan Satumba na shekarar kuma suka haɗu da sauran ƙasashen yankin Tekun Fasha wajen gargaɗin Netflix kan wasu shirye-shirye, ciki har da waɗanda aka yi don yara.