Waiwaye: Yadda Zato Ya Samu Gurbi a Rajistar 'Yan Sanda

Duk lokacin da sace-sacen wayoyi da fashin cikin mota suka yi ƙamari a Abuja, sai a ji ana kiran a tattara sunayen waɗanda aka san su da ɗauke-ɗauke a sa musu ido, wasu kuma su tambayi wace doka ce ta ba da wannan dama. A tashoshin mota irin na Nyanya da Zuba, an saba jin labarin yaron mota da kamen kan mai uwa da wabi ya taɓa rutsawa da shi, aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa aka sake shi, amma tun daga ranar, da an yi sata a unguwa ƙofarsa ake fara ƙwanƙwasawa.

Wannan al'ada ta girmi birnin da kansa. A 1871 Turawan mulkin mallaka suka kafa doka a Indiya wadda ta ɗauki wasu ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, kuma ba a gama soke ta ba sai 1952. Tarihin Indiya ya shafe mu, domin kundin Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960, wanda har yau ake hukunci da shi a Abuja, daga can aka samo tushensa ta hanyar Sudan.

Sai dai inda lamarin ya sauya, ba kasafai ake ambatonsa ba. A ƙa'idojin aikin 'yan sandan lardin Punjab na Indiya na 1934 an tanadi wata rajistar sa-ido, aka kuma halatta shigar da sunan duk wanda ake da dalilin gaskata cewa laifi ya zame masa jiki ko ɓarawon zaune ne, ko kotu ta taɓa samunsa da laifi ko ba ta taɓa ba. Wannan 'yar jimlar ce ta raba rajista da hukuncin alƙali. Ƙabila ta fita daga doka daga baya, amma zato ya zauna daram a takarda. A ƙarshen 1980 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci kan ƙorafin da wasu 'yan uwa biyu daga birnin Amritsar na Punjab suka kai game da wannan rajista, a shari'ar da ake kira ta Malak Singh. Kotun ba ta rusa rajistar ba, ba ta kuma ce dole a saurari mutum kafin a rubuta sunansa ba, tunda a ganinta sirri ne ƙashin bayan sa-ido. Abin da ta gindaya shi ne dole a sami hujja ta zahiri, kada bibiyar ta zama tozarci, kuma alƙali na iya neman a nuna masa dalilin. A nan gizo ke saƙa: wanda bai san an rubuta shi ba, ta yaya zai je kotu neman a goge shi? Sai mai hali da lauya ke iya bin wannan hanya.

Sauran hukunce-hukuncen an fi saninsu. A 1962 kotun ta haramta tashin mutum da tsakar dare don a tabbatar yana gida, a 2017 alƙalai 9 suka amince sirrin mutum haƙƙi ne na tsarin mulki, a 2024 kuma ta taƙaita sanya sunayen ƙananan yara a irin waɗannan takardu.

A Nijeriya, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta rubuta bayanan duk wanda aka kama, har da tsayinsa da hotonsa, ta kafa babbar ma'ajiyar bayanan laifuka, ta kuma ce a aika mata hukuncin kotu cikin kwana 30. An yi hakan ne don kada wanda aka tsare ya ɓace ba labari, niyyar kuwa mai kyau ce. Amma bayanin kamu yana shiga tun ranar farko, alhali wanda aka saki ba tare da an gurfanar da shi ba, ba shi da wani hukuncin da zai biyo baya ya wanke shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar neman a gyara ko a goge bayanansa, sannan ta sassauta wa hukumomin da ke aikin bincike da hana laifi wajen bin da yawa daga cikin waɗannan sharuɗɗa.