Waiwaye: Yadda akwatin zaɓen ƙaramar hukuma ya koma hannun gwamna

Tsakanin Dambatta ta jihar Kano da Kazaure ta jihar Jigawa tafiya ce ta ɗan lokaci a mota. Kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya, hatsi kuma kusan farashi ɗaya ne. Amma a watan Oktoban 2024 an sanar cewa mutanen garuruwan nan biyu sun yi hannun riga a siyasa. Ranar 5 ga wata hukumar zaɓen Jigawa ta ce APC ta lashe kujerun ciyaman 27 gaba ɗaya. Bayan mako uku, ranar 26, hukumar zaɓen Kano, KANSIEC, ta ce NNPP ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. Abin da ya raba sakamakon biyu shi ne jam'iyyar wanda ke zaune a gidan gwamnati a lokacin: Umar Namadi a Dutse, Abba Kabir Yusuf a Kano.

Tsofaffin da suka ga zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ba za su yi mamaki ba. A wancan lokaci mulkin ƙauye daga sarki yake saukowa zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, kuma da zaɓe ya shigo a farkon shekarun 1950 hawa-hawa ake yin sa. Talaka ya zaɓi wakili, wakilai su zaɓi na gaba da su, a matakin ƙarshe kuma En'e ta cusa nata mutanen. Ta haka 'yan NEPU suka yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano a 1951, amma ko mutum ɗaya nasu bai kai majalisar Kaduna ba. Tun daga nan mutumin karkara ya san cewa jefa ƙuri'a daban, ƙirga ta daban.

Gyaran 1976, ƙarƙashin gwamnatin soja ta Obasanjo, shi ya rushe En'e ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, aka kuma zaɓi kansiloli ba tare da jam'iyya ba. Tsarin mulkin 1979 ya ce dole zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma, amma ya bar shirya zaɓen a hannun jihohi. Shekara huɗu da 'yan watanni na Jamhuriya ta Biyu suka wuce gwamnoni na naɗa kwamitocin riƙo. A nan Kano, jihar da PRP ke mulki da sunan talakawa, ba ta sauya zani ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, zaɓukan da mutanen ƙauye ke tunawa da cewa an yi takara ta gaske a cikinsu, yawanci na zamanin soja ne, lokacin da hukumar zaɓe ta ƙasa ke gudanarwa. An yi na Disambar 1987 ba jam'iyya. An yi na Disambar 1990 tsakanin SDP da NRC, inda aka yi layi a fili, ƙato bayan ƙato, aka ƙirga mutane rana tsaka kowa na kallo. Tsarin yana da aibinsa, domin wanda ke noma gonar aro ko yake cin bashin taki ba ya iya tsayawa a layin da bai yi wa mai gidansa daɗi ba, amma dai ba a iya cewa layin mutum hamsin ya fi na ɗari uku. Ban ce soja ya fi son dimokuraɗiyya ba. Gwamnan soja dai ba shi da jam'iyyar da zai gina don tazarce, shi ya sa bai damu sosai da wanda ya zama ciyaman ɗin Gwaram ko na Sumaila ba. A tsakanin nan aka yanke Jigawa daga Kano a 1991, Abacha kuma ya kai adadin ƙananan hukumomi 774 a 1996. Zaɓen 5 ga Disambar 1998, wanda INEC ta yi ƙarƙashin Mai shari'a Ephraim Akpata, shi ne na ƙarshe da wata hukumar tarayya ta shirya wa dukkan ƙananan hukumomin ƙasar, kuma da sakamakonsa aka tantance PDP da APP da AD.

Daga nan sai tsarin mulkin 1999, kuma a cikinsa ƙullin yake. Sashe na 7 ya sake tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni. Sashe na 197 kuma ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, aka liƙa mata kalmar "mai zaman kanta". Gwamna ne ke naɗa shugabanta da kwamishinoninta, majalisar jiha ta amince. Kuɗin aikinta daga baitulmalin jiha yake fitowa. Dokar da ta tsara zaɓen da tsawon wa'adin ciyaman majalisar jiha ce ke yi. Abin da INEC ke bayarwa kawai shi ne rajistar masu zaɓe. Sai kuma sashe na 162 da ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Idan aka haɗa biyun, gwamna na da dalilin son ciyaman mai jin magana, yana kuma da hanyar samar da shi. An ba kura ajiyar akuya, aka rubuta a takarda.

Majalisar tarayya ta gwada sa baki tun da wuri, ta tsawaita wa'adin ciyamomi a dokar zaɓe ta 2001. Jihohi suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 2002 cewa wannan hurumin jiha ne. Wa'adin waɗanda aka zaɓa a 1998 na ƙarewa sai kantomomi suka cika sakatariyoyi, ba a sake zaɓe a yawancin jihohi ba sai 2004.

Tarihin Kano kaɗai ya isa misali. Zaɓen Nuwambar 2007, zamanin Shekarau, an yi shi da tashin hankali. Kwankwaso ya dawo a 2011, bai yi zaɓe ba sai Mayun 2014, jam'iyyarsa ta lokacin, APC, ta kwashe 44. Ganduje ya yi a Fabrairun 2018, APC ta kwashe 44, hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka karaɗe waya har INEC ta kafa kwamitin bincike. Ya maimaita a Janairun 2021. Duk wanda ya yi kukan maguɗi yana adawa, da ya hau sai ya yi irinsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. APC, jam'iyyar da ta samu ƙuri'a sama da 890,000 a zaɓen gwamna na 2023 ta wayi gari a ƙarshen 2024 ba ta da kansila ko ɗaya a jihar.

A ƙauye kuwa ba ranar zaɓe ake zaɓen ba. Ana yin sa ne a daren da manyan jam'iyya suka zauna a birni suka yi abin da suke kira maslaha, mutanen mazaɓa kuma suke kira ɗauki-ɗora. Daga ranar da sunan mutum ya fito a jerin, sai a fara zuwa yi masa barka. Ranar Asabar ɗin kanta, sau da yawa malaman zaɓe kan iso bayan azahar, wani wurin da akwati ba takardar rubuta sakamako, mata su gaji da zama a inuwar makarantar firamare su koma gida ɗora tukunya. Kafin a kai ga nan ma kuɗin fom ya riga ya kori mai ƙaramin ƙarfi: a 2024 KANSIEC ta fara sanya naira miliyan 10 ga ɗan takarar ciyaman, miliyan 5 ga kansila. Malamin firamare ko manomin da mutanen garinsu ke so, buhun gero nawa zai sayar? Wanda aka biya wa kuma ya san wanda zai gaisar da safe, kuma ba mai unguwar da ke ƙorafin kwalbati ko rufin asibitin sha-ka-tafi ba ne.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni-Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta kantomomin riƙo. An yi murna. Sai dai hukuncin bai taɓa sashe na 197 ba, don haka gwamnoni suka yi rige-rigen shirya zaɓe da hukumomin da su suka naɗa. A Kano, kwanaki kaɗan kafin zaɓen, babbar kotun tarayya ta ce shugaban KANSIEC, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, ɗan NNPP ne bai cancanci kujerar ba. Kotun jiha ta ce a ci gaba, aka ci gaba.

Maganar a karɓe aikin a ba INEC ba sabuwa ba ce, kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar haɗe hukumomin jihohi da ita tun 2008. Masu goyon baya na nuna Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida kuma jam'iyyu kan raba kujerun. Masu suka na cewa mutanen Kano da suka ga "inkwankulusib" na 2019, lokacin da INEC ta ce zaɓen gwamna bai kammala ba, ba sa bukatar a ba su labarin INEC, kuma ɗauke akwati daga Dutse a kai Abuja ba ya kusantar da shi ga mutumin Birniwa. Ko wanne aka zaɓa, sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, wato majalisun da suka tabbatar da naɗin kwamishinonin da ake son a sallama.