Bargon ƙyallaye da baje kolin manoma a Amurka: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita mini. Wata ta turo saƙon murya daga gida, wata sabuwar zuwa nan Minnesota ta kira ni ina tsakiyar aiki, kuma duk abu ɗaya ake tambaya. To ga su nan na tattara wuri ɗaya. Duk wadda ta sake tambaya, nan zan turo ta.

Wai mene ne wannan bargon da kike ta sa hotonsa? Ba faci ba ne?

Ba faci ba ne. Abin da ya yage ake yi wa faci. Wannan lafiyayyen yadi ake yayyankawa a sake harhaɗa shi ya fitar da zane. Hawa uku ne: fuska ta ƙyallaye, shimfiɗar auduga a tsakiya, shafi a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta dunƙule a wanki. A ƙarshe a kalmashe baki. Amurkawa na ce masa kwilt.

Ki sayi yadi da kuɗinki ki yayyanka shi? Ba almubazzaranci ba ne?

Hajiya, leshi nawa ne a akwatinki da tela bai taɓa ganinsu ba? Mu wuce.

Da aiki da yara da girki, ina kike samun lokaci?

Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, domin yawanci abin da mai tambayar ke nufi shi ne masu wannan ɗinki ba su da aikin yi. Ki zo taron ƙungiyarmu ta masu ɗinkin bargo ki gani. Akwai mai aikin jinya da ke kwana a asibiti, akwai malamar makaranta, akwai matar manomi da idan kaka ta yi ita ke tuƙa motar kwasar masara daga gona har dare, akwai kakar da ake jibge wa jikoki kullum safiya. Babu wadda ta taɓa samun yini guda cur ta ce yau na ɗinki ne.

Abin da ake yi, ana rarraba aikin. Ranar da kika samu sarari ki yanka ƙyallayen duka, ki jera su a faranti kusa da keke, kuma kada ki kuskura ki mayar da keken cikin kwali. Keken da ke cikin kwali ba ya ɗinki. Idan kin ɗora tukunya, ki zauna ki tura ƙyallaye biyu-biyu a ƙarƙashin allura, ɗaya na bin ɗaya ba tare da kin yanke zare ba, su fito a jere kamar kayan shanya a igiya. Kafin shinkafa ta tsotse kin haɗa abin da kika haɗa. Ɗinkin baki kuwa na hannu ne, shi ake tafiya da shi a jaka: cikin mota ana jiran yaro ya gama ƙwallo, ko a layin ganin likita. Sannan hunturun nan dogo ne, kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya yi, ƙanƙara ta rufe ƙofa, ba biki ba suna. Yawancin abin da ake gani a baje koli cikin Agusta a Janairu da Fabrairu aka ɗinka shi.

Kada kuma ki ɗauka ana gamawa. Kowace mai ɗinki tana da barguna da ta fara ta ajiye a kabad, wasu sun girmi 'ya'yanta. Abin da ke sa a gama shi ne wa'adin baje koli. Ranar karɓar kaya ba a ɗaga ta don ke, shi ya sa a makon ƙarshe za ki ga mata da jajayen idanu suna soke allurar ƙarshe a wurin ajiye motoci.

Me ya haɗa ɗinki da wurin baje shanu?

Gidan manomi ne ya haɗa su. Wani attajiri mai suna Elkanah Watson ne ya ɗaure tumakinsa biyu irin da ake kira Merino a dandalin garin Pittsfield na jihar Massachusetts a 1807 don mutane su gani, a 1811 kuma ƙungiyar manoman da ya kafa a yankin Berkshire ta yi baje kolinta. Ba a daɗe ba aka fara ba da kyauta ga aikin hannun mata, saƙa da kaɗi da ɗinki, domin a lokacin tufafin gida a gida ake yinsu. Jihar New York ce ta fara yin na jiha sukutum, a Syracuse a 1841. Iowa ta fara nata a 1854, Texas a 1886. Namu na Minnesota kwana 12 ake yi, ana rufewa Litinin ta farko a Satumba, kuma a 2019 mutum sama da miliyan 2 suka shiga.

Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Rumfar shanu daban, ta tumaki daban, ta kaji daban, yaran 4-H, ƙungiyar da ke koya wa yara noma da kiwo, na wanke maruƙansu da sabulu suna taje musu gashi, can gefe kuma ga ginin da aka rataye barguna kusa da kwalaben zuma da burodin gasa. A Iowa tun 1911 ake sassaƙa saniya da man shanu kowace shekara, mutane na bin layi don kallonta. Wadda ta taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ta ga ɓangaren baje amfanin gona, ta san ɗanɗanon abin.

Amma ke sabuwa, na gunduma za ki fara. Na jiha ba sa'arki ba ne tukuna.

Nawa ake ba wadda ta ci?

'Yan daloli da ko kuɗin zare ba za su mayar miki ba, sai kintinkiri: shuɗi na ɗaya, ja na biyu, fari na uku, shunayya galibi ga gwanar gwanaye. A Kanada da Ingila ja ne na ɗaya, kada ki je can ki yi murnar banza da shuɗi. Mai neman kuɗi masu nauyi sai ta nufi manyan gasanni irin na Paducah a Kentucky ko na Houston, can kuma ba wurin wasa ba ne.

Ni na haɗa fuskar, amma wata na biya ta bi mini shi da ɗinki a babban keke. Zan iya sa shi gasa da sunana?

To, nan ne zan ja numfashi, domin amsar ba eh ko a'a ba ce, kuma a kanta na ga zumunci ya ɓaci.

Da farko, babu abin kunya a ciki. Tura bargon babban gado ta ƙarƙashin keken gida wahala ce da ke kama kafaɗa da wuya, shi ya sa mata da yawa ke kai wa masu babban keke mai dogon hannu, wanda ake ɗaure bargon a kan firam a riƙa jan keken a kansa. Biyansu ake yi gwargwadon faɗi da tsawon bargon. Mai aiki da yara idan ba haka ta yi ba, wataƙila ba za ta taɓa gama komai ba. Matsalar tana wajen cika takarda.

Kowane baje koli yana da littafin ƙa'idojinsa, yana fitowa watanni kafin biki, kuma na gundumarku ba lallai ya yi daidai da na maƙwabciyarta ba. A wurare da dama za ki tarar an raba rukuni: wanda aka bi da hannu, wanda mai shi ta bi da kekenta, wanda aka biya wata ta bi, da wanda ƙungiya ta haɗu ta yi. Idan akwai rukunin wanda aka biya, magana ta ƙare, nan za ki sa shi ki rubuta sunan wadda ta yi miki. Idan babu, ki duba ko an rubuta cewa dole aikin ya zama na mai shigarwa gaba ɗaya. Idan an rubuta haka, a ganina bargonki bai shiga ba, ko da kuwa ke kika yi wata da watanni a kan fuskar. Idan littafin bai ce komai ba, kada ki fassara shirun yadda ya yi miki daɗi. Akwai lambar mai kula da sashen a ciki, ki kira ta ki tambaya, ki kuma nemi ta aiko miki da amsar a rubuce, don ranar karɓar kaya wataƙila ba ita za ki tarar a tebur ba.

Akwai wuraren da abin ke ƙara rikicewa. Idan ke kika je shagon kika yi hayar babban keken kika ja shi da hannunki, yawanci aikinki ne, amma wasu na raba wanda hannu ya ja da wanda kwamfuta ta ja, to ki faɗi wanne ne. Idan ƙanwarki ce ta bi miki ba ki biya ta ko sisi ba, har yanzu hannu biyu ne suka yi shi, kuma wasu littattafan adadin hannaye suke dubawa, ba kuɗi ba. Idan fuskar ta marigayiya surukarki ce kika ƙarasa, ki duba ƙa'idar shekaru, domin da yawa suna so a ce an gama bargon cikin 'yan shekarun nan, wasu kuma suna da rukuni na musamman don irin wannan. Idan kuma kina sayar da barguna ko kina koyarwa ana biyanki, mai yiwuwa an ɗauke ki ƙwararriya, rukuninki daban ne.

Kada ki ce wa zai sani. Alƙalan sun san hannun masu babban keke na yankin, garin kuma ƙarami ne. Abin ma ba yau aka fara ba. A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasa don baje kolin duniya na Chicago, barguna kusan 25,000 suka shiga, kyautar farko dala 1,000 a tsakiyar matsin tattalin arziki. Margaret Caden ta Kentucky ce ta ci, bayan ta sa hannu cewa aikinta ne, daga baya masu bincike suka gano wasu mata ta biya suka ɗinka. Shekara 90 da ɗoriya ke nan, har yau idan an ambaci sunanta da wannan ake tuna ta.

Zan iya yi da atamfa?

Ƙwarai, kuma tana jan ido a cikin ɗakin da ya cika da 'yan furanni masu sanyin launi. Amma ki wanke ta tukuna, kowane launi daban, ki ga wadda ke zuba. Ja da shuɗi mai duhu su ne 'yan rigima, idan suka zuba a kan fari bayan kin gama, babu mai ceton ki. Ki tabbatar auduga ce zalla, domin mai haɗin roba tana narkewa a ƙarƙashin dutsen guga mai zafi. Ki kuma yanka ta manya-manya. Zanen atamfa babba ne, idan kika yi mata gutsi-gutsi kin kashe shi. Idan za ki je gida, ki roƙi telanku ya tara miki ragowar ƙyallayen da yake sharewa.

An dawo mini da bargona da takarda an lissafa kurakurai. Na yi kuka.

Share hawayenki, 'yar uwa, kowa ta karɓi irinta. Kusan abu ɗaya suke rubuta wa duk sabuwa: kusurwoyi ba su haɗu ba, baki bai cika da auduga ba, zaren ƙasa ya leƙo sama, bargon bai kwanta ba yana igiyar ruwa a gefe. Maganin na farko shi ne ki bar rubu'in inci tsakanin allura da bakin yadi a kowane ɗinki, ba ƙari ba ragi, ki kuma danna dutsen guga ki ɗaga maimakon ki goga, don goga na miƙar da yadi. Ki cire gashin kyanwa da ƙamshin turaren wuta kafin ki kai, ba kowace alƙaliya ce ta saba da shi ba. Ki ajiye takardar kusa da keke.

Ba sha'anin tsofaffin Turawa ba ne?

Harriet Powers, baƙar fata, baiwa aka haife ta a Georgia a 1837. A baje kolin auduga na garin Athens a 1886 ta nuna bargonta mai labaran Littafi Mai Tsarki, da farko ta ƙi sayarwa, da talauci ya matsa ta sallama shi a dala 5. Yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian. Ki kuma nemi hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a Alabama, waɗanda suka yi da tsofaffin wandunan aiki. Sai ki dawo mu yi magana.

An ce akwai aladu a baje kolin. Me za mu ci?

Akwai, rumfarsu daban, ba wanda zai ja ki ciki. Ki tambaya kafin ki sayi duk wani abu mai nama ko wanda aka soya. Gasasshiyar masara da madarar shanu sun ishe ki.

Anti, za ki ɗinka mini ɗaya na kayan ɗaki? Zan biya.

A'a. Idan na lissafa miki yadi da auduga da kuɗin mai babban keke kaɗai, ban ma sa wahalata ba, za ki daina gaishe ni. Ki zo ranar Asabar da kekenki, in nuna miki yadda ake haɗa zanen murabba'i tara, na ƙyallaye uku-uku a layi uku. Ki taho da almakashinki, ba na ba da aron nawa.